Ƙimanta Kayan Kiɗa Domin Inshora: Matsalar Ma'ana da Aiki a Assakio

1.0 Gabatarwa

Garin Assakio yana gabas da Lafiya a Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Jihar Filato a 1996. Alago ne mafi rinjayen mazaunansa, amma Hausa ce harshen kasuwa. A tarzomar da ta auku a garin a 2012 da 2013 an ƙone gidaje da dukiya mai yawa, kuma wannan ne ya sa marubucin, wanda aiki ya kawo yankin, ya tambayi kansa: idan gangar makaɗi ta ƙone, wa zai faɗi kuɗinta, kuma da wace kalma? Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake ƙimanta kayan kiɗa domin inshora, da nuna inda Hausa ta wadata da inda take buƙatar daidaitawa.

2.0 Farashi, Ƙima da Daraja

Bahaushe yakan yi musayar kalmomin nan uku a zance, amma kamfanin inshora ba ya ɗaukar su abu guda. Farashi shi ne abin da aka sallama a kasuwa bayan tayi. Ƙima kuwa ƙiyasi ce ta masani, ko an sayar ko ba a sayar ba. Daraja ta fi su faɗi, domin ta ƙunshi tarihi da gado da martaba, kuma ita ce ba a biya. Tushen inshorar kadara shi ne diyya, wato a mayar da mai kaya matsayin da yake kafin asara, ba tare da ya ci riba ba. Saboda haka kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwani ne da fata da tsirkiya guda a idon mai ƙiyasi, sai fa idan an kawo shaidar cewa nasa ne, sannan asali ya shiga lissafi. Haka abin yake a Turai: gogen da Stradivari ya ƙera a 1721, mai laƙabin Lady Blunt, an sayar da shi fam miliyan 9.8 a 2011, kuma sunan maƙerin aka saya da takardun tarihinsa.

3.0 Hanyoyin Ƙimantawa

Kayan zamani irin su jita da lasifika da molon lantarki na Yamaha, waɗanda majami'u da makaɗan biki suke amfani da su, ba su da wahala. Akwai rasiɗi, akwai lambar masana'anta, sai a cire kuɗin tsufa ko a ɗauki kuɗin sabo. Abin lura kawai shi ne faɗuwar naira, wadda ta tashi daga wajen 460 a kan dala a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Alal misali, wanda ya yi wa kayan naira miliyan ɗaya inshorar 500,000, idan ya yi asarar 400,000, to 200,000 zai karɓa, domin rabin ƙimar ya lamunce.

Kayan gargajiya ne ke da sarƙaƙiya. Kalangu da goge da gurmi ba su da rasiɗi, sau da yawa makaɗin ne ya haɗa abinsa, ko ya gada, ko ubangidansa ya ba shi. A nan dole mai ƙiyasi ya koma ga kuɗin sake ƙerawa: icen da masassaƙi zai fafe, tantanin ɗan akuya, tsarkiya, ladan mai rufi, ko kuma ƙwarya da fatar guza da izgar doki idan goge ne. Ya kamata kuma ya san suna, don kada ya rubuta ganga alhali kotso ne ko jauje a gabansa. Littafin Ames da King na 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa zai yi masa amfani ƙwarai, ko da yake bai shafi kayan Alago ba, waɗanda Bahaushen kasuwa yakan tara su duka a ƙarƙashin kalmar ganga. Wannan, a ganina, asara ce tun kafin gobara.

Tambari da kakakin fada su ne suka fi kowanne wuya. Dokar Soja ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta ɗauki kayan hannu na gida da aka yi kafin 1918, ko masu muhimmancin tarihi da aka yi bikin al'ada da su, a matsayin kayan tarihi, ta kuma hana cinikinsu sai ta hannun wakilin da aka amince da shi. Abin da ba shi da kasuwa a fili kuwa ba shi da farashin da za a kwatanta. Mafita ita ce ƙimar da aka daddale, wato mai kaya da kamfani su amince da adadi tun ranar ƙulla yarjejeniya, a haɗa da hoto da awo da bayanin asali daga bakin sarkin makaɗa. Akwai kuma tambayar mallaka: tambarin na sarki ne, ko na masarauta, ko na gidan da ke kaɗa shi? Wanda ba shi da haƙƙi a kan kaya ba zai iya yi masa inshora ba.

4.0 Hukuma da Sharaɗi

Hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke kula da harkar, kuma dokar gyaran inshora ta 2025 ta maye gurbin ta 2003. Ga masu ƙyamar inshora saboda addini, hukumar ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. Sai dai makaɗin Assakio ya sa a karanta masa takarda da kyau, domin inshorar gobara ta yau da kullum ba ta ɗaukar asarar tarzoma, sai an nemi a ƙara wannan sharaɗi a rubuce, an kuma biya ƙarin kuɗin zubi a kansa.