Maigida da Ɗan Haya a Zangunan Arewacin Gana

Kalmar "maigida" ta daɗe a Salaga, amma ma'anarta ta sauya. A ƙarni na 19, lokacin da fataucin goro ya haɗa Kano da Gwanja, maigida shi ne mai saukar da fatake, ya ajiye musu kaya, ya samo musu masu saye, ya kuma tsaya musu idan rigima ta taso. Ribarsa daga la'ada take fitowa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa da yawa suka watse zuwa wasu garuruwa. Maigidan yau kuɗin ɗaki yake karɓa daga malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti, kuma dokar Gana ce ke tsakaninsa da su.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara ganewa shi ne, mallakar gida daban, mallakar ƙasar da gidan yake kai daban. A arewacin Gana sarakuna kan fata suke zama, shi ya sa doka ke kiran filayen sarauta "ƙasar fata". A Yendi ana neman fili ta hannun sarakunan da ke ƙarƙashin Ya Na, a Salaga kuwa ta hannun Kpembewura, sarkin Kpembe. Abin da mai nema yake bayarwa "kuɗin goro" ake ce masa, ko da ya kai farashin fili. Sunan ba na banza ba ne. Tsarin mulki na 1992 ya hana a sayar da irin wannan ƙasa sayarwa ta har abada, sai dai haya mai dogon wa'adi, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa. Wanda ba ɗan Gana ba, kamar ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da ke son zuba jari, ba zai wuce shekara 50 ba.

A nan matsalar zango take. Gidaje da dama kakanni ne suka gina su a filin da sarki ya nuna musu da baki, a gaban shaidun da duk sun riga mu gidan gaskiya. Magada suna karɓar haya, amma ba su da takardar da banki ko kotu za ta duba. Dokar Ƙasa ta 2020 ta buƙaci a rubuta irin wannan bayarwa, kuma hikima ce a yi rajista a Hukumar Filaye. Dokar ta kuma hana miji ko mata sayar da filin da aka saya cikin aure ba da rubutacciyar yardar ɗayan ba, abin da dillalai kan manta su faɗa. A Bawku lamarin ya fi nauyi, domin rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wanda ya sake tashi a 2021, ya taɓa tambayar wane ne ke da ikon ba da fili. Tashin hankali da dokar hana fita sun kori ma'aikata da 'yan kasuwa, ɗakuna suka zauna ba kowa.

Dangane da haya kuwa, Dokar Haya ta 1963 ta haramta karɓar kuɗin gaba fiye da na wata 6. Amma a aikace ana neman na shekara ɗaya ko biyu, saboda da shi maigida ke sayen siminti da kwano ya ƙara ɗaki. Uzurin yana da ma'ana, sai dai ba ya kare shi a gaban Ofishin Kula da Haya. Haka kuma idan ɗan haya ya wuce wata ɗaya bai biya ba, maigida yana da hujjar neman ɗakinsa, amma ta hanyar kotu. Cire ƙofa, ko kwance rufi, ko watso kaya waje, duk suna iya mayar da mai gaskiya ya zama wanda ake ƙara. Akwai kuma harajin kashi 8 cikin 100 a kan kuɗin hayar gidan zama, wanda Hukumar Haraji ta Gana ke karɓa.