Faifan Roba Da Ya Zama Haja Mai Tsada A Amurka

A ƙasar Amurka da ƙasashen arewacin Turai akwai wani wasa da ake kira golf na faifai, wanda a cikinsa ɗan wasa yake jefa faifan roba daga nesa don ya shigar da shi cikin wani kwandon ƙarfe da aka kafa a bisa sanda. Faifan bai wuce faɗin farantin cin abinci ba, kuma a kanti akan same shi a kan dala goma zuwa ashirin. To, amma akwai waɗansu fayafayan da suka fito daga masana'anta ɗaya da waɗannan, siffarsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, sai ga shi ana cinikinsu a kan ɗaruruwan daloli. Abin da ya kamata mai karatu ya tambaya shi ne, me ya raba su? Kashi kaɗan na amsar yana cikin irin robar da aka yi su da ita, amma kashi mafi yawa yana cikin ƙarancin kayan da kuma sunan wanda aka buga a kansu.

Asalin Wasan

Wani Ba'amurke mai suna Walter Frederick Morrison shi ne ya fara ƙera faifan roba na jifa don sayarwa, kuma a cikin shekarar 1957 ya sayar da haƙƙin ƙirarsa ga kamfanin kayan wasan yara na Wham-O da ke Jihar Kalifoniya. Kamfanin ne ya laƙaba wa faifan sunan Frisbee. Daga cikin ma'aikatan wannan kamfani akwai Mista Ed Headrick, wanda a shekarar 1975 ya shirya filin wasa na dindindin na farko a lambun shaƙatawa na Oak Grove, kusa da birnin Pasadena. A shekarar 1976 ya kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan, watau PDGA, wadda har yau ita ce ke tsara dokoki, sa'an nan a 1977 ya sami takardar mallakar ƙirar kwandon nan mai sarƙoƙi da ke tare faifai ya faɗa ciki.

Tsarin wasan daidai yake da na golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Fili yakan ƙunshi kwanduna tara ko goma sha takwas, kuma wanda ya kammala da mafi ƙarancin jifa shi ne ya ci. Babban sauyi ya zo ne a shekarar 1983, sa'ad da Mista Dave Dunipace da abokan aikinsa suka kafa kamfanin Innova, suka fito da faifai mai siririn baki wanda ke keta iska fiye da Frisbee na da. Daga nan ne fayafayai suka rarrabu: akwai na jifan nesa, da na matsakaicin zango, da kuma na sakawa a kwando. Ƙwararren ɗan wasa yakan ɗauki kimanin ashirin a jakarsa.

Dokar PDGA ta ƙayyade cewa faɗin faifai kada ya gaza santimita 21, kada kuma ya wuce 30. Nauyinsa kuwa kada ya zarce giram 8.3 a kan kowace santimita ta faɗinsa, kuma ko ta yaya kada ya haura giram 200. Wannan ne ya sa yawancin fayafayan jifan nesa suke tsayawa a wajen giram 175. Tun da yake doka ta ɗaure siffa da nauyi, sai gasar kamfanoni ta koma kan abin da aka bar musu a sake, watau robar kanta.

Roba Suna Ta Tara

Kowane kamfani yana da matakai na roba, kuma kowane mataki da sunansa na kasuwa. A ƙasa akwai roba mai araha, irin su DX ta Innova da Pro-D ta kamfanin Discraft na Jihar Mishigan. Wannan roba dangin wadda ake yin bokiti da kujerun roba ce, ba ta da santsi a hannu ko da ana ruwa, amma da zarar ta bugi itace ko dutse sai ta kwarzane ko ta lotsa. A sama kuma akwai roba mai daraja, irin su Champion da Star na Innova, da Z da ESP na Discraft, da Opto ta kamfanin Latitude 64 da ke garin Skellefteå a arewacin Suwidin. Yawancin waɗannan an gina su ne a kan sinadarin poliyuretan, dangin robar tayoyin takalmin gudu da rigar wayar hannu, wanda ke jure duka na shekaru ba tare da ya sauya siffa ba. Kuɗin sayen wannan sinadari ya fi na roba ta ƙasa, saboda haka faifan da aka yi da shi yakan ninka ɗan'uwansa a farashi, ko kusa da haka.

Ainihin gwargwadon haɗin kuwa sirri ne da kowane kamfani yake ɓoyewa, kamar yadda mai turare ba ya faɗin abin da ya zuba a kwalba. Abin da aka sani shi ne akan ƙara wa robar launi, da garin ma'adinai mai nauyi don faifan ya kai giram ɗin da ake so. A waɗansu kuma akan ƙara sinadarin da ke sa faifai ya yi haske cikin duhu, ko ƙyalƙyalin ƙarfe don ado. Innova ma tana da wata roba mai suna Blizzard wadda ake cusa wa ƙananan kumfar iska don a rage mata nauyi. Kamfanin MVP na Mishigan shi kuma ya bi wata hanya dabam: yakan haɗa roba iri biyu a faifai ɗaya, mai sauƙi a tsakiya, mai nauyi a gefe.

Bambancin nan ya wuce maganar ƙarko, domin yana taɓa yadda faifai ke tafiya a iska. Idan mai jifa da hannun dama ya wurga faifai ta bayan hannu, faifan yakan karkata hagu sa'ad da gudunsa ya ragu. Sabon faifai na roba mai daraja ya fi dagewa kan wannan hali, kuma yakan daɗe yana riƙe da shi. Na roba mai araha kuwa, bayan 'yan watanni yana shan duka, sai bakinsa ya lanƙwasa, ya fara miƙewa ko ma ya juya dama. Masana wasan ba sa ɗaukar wannan a matsayin lalacewa. Da yawansu sukan riƙe faifai iri ɗaya guda uku ko huɗu, sabo da tsoho da tsaka-tsaki, kowanne da aikinsa.

Zubi Ba Ya Maimaituwa

Yadda ake yin faifai shi ne a narkar da ƙwayoyin roba, inji ya tura narkakkiyar robar da ƙarfi cikin wani mazubi na ƙarfe mai siffar faifan, sa'an nan a fitar da shi ya huce. A wajen hucewar nan ne abin mamaki yake faruwa. Roba takan tsuke yayin da take sanyi, kuma yawan tsukewar ya dogara ga zafin inji, da yanayin ɗakin aiki, da launin da aka zuba, da kuma kayan da dillalin sinadarai ya kawo a wannan karon. Saboda haka wani zubin yakan fito da doron sama a tashe, wani kuma a shafe, bakin wani ya ɗan ɗaga, na wani ya ɗan sauka. Bambancin bai kai kaurin farce ba, amma ya isa ya sauya inda faifai zai faɗi da mita da dama.

A nan ne tsadar ta samo tushe. Idan wani zubi ya yi suna a wurin 'yan wasa cewa ya fi sauran kyau, kamfanin da kansa ba zai iya tabbatar da sake fito da irinsa sak ba. Misalin da aka fi sani shi ne robar Champion Edition, wadda Innova ta yi amfani da ita na ɗan gajeren lokaci a farkon shekarun 2000 kafin ta maye gurbinta da wata. Fayafayan wancan zamani da suka rage sun zama abin nema, musamman samfurin Roc da aka buga don tara kuɗin gasar zakarun Amurka da ake yi a garin Rock Hill tun daga 1999. Haka kuma a shekarar 2021, da kamfanin Discmania na ƙasar Finlan ya daina ba Innova aikin ƙera masa kaya ya mayar da aikin Suwidin, nan da nan farashin tsofaffin fayafayansa ya tashi, domin kowa ya san an rufe wannan ƙofa.

Suna Da Tambari

Hanya ta biyu ta tsada ita ce wadda kamfanoni suke shiryawa da gangan. Kowace shekara sukan fitar da fayafayai ƙayyadaddu masu ɗauke da suna da tambarin wani ƙwararren ɗan wasa, a cikin roba mai launi na musamman, a kuma ɗora 'yan daloli a kan farashin da aka saba. Daga kowane faifai da aka sayar ɗan wasan yana da kamasho. Wannan kuɗi ba ƙaramin abu ba ne a gare su, domin ladan gasa kaɗai ba ya ɗaukar nauyin mai da masauki da kuɗin rajista na mutumin da ke yawo daga jiha zuwa jiha tsawon shekara. Manyan gasanni ma, kamar ta Ledgestone a Jihar Ilinoyi, da cinikin irin waɗannan fayafayai suke ƙara yawan ladan da suke rabawa.

Samfurin Firebird mai haske cikin duhu da Innova ta fara bugawa da sunan Mista Nate Sexton a 2015 ya nuna inda abin zai iya kaiwa. An sayar da shi a kan farashin kanti, amma bayan 'yan shekaru sai ga zubin farkon yana cin ɗaruruwan daloli a hannun masu tarawa. A watan Fabrairu na 2021 Discraft ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan goma ta shekara goma da Mista Paul McBeth, wanda ya ci kambun duniya sau shida tsakanin 2012 da 2022. Kamfanin roba ba zai ba da irin wannan kuɗi ba sai don ya tabbata sunan zai sayar da kaya. A watan Yuni na wannan shekara kuma, a gasar duniya da aka yi a Ogden ta Jihar Yuta, Mista James Conrad ya jefa faifai samfurin Envy daga nisan ƙafa 247 ya shiga kwandon ƙarshe, ya kamo McBeth, daga bisani ya ci gasar. Kafin gari ya waye jama'a sun yi caa a kan samfurin, alhali kuwa robarsa ita ce dai ta jiya.

Akwai ma wanda ya fi waɗannan ban mamaki. Da Mista Headrick ya rasu a 2002, an ƙone gawarsa bisa al'adar wasu mutanen ƙasar, aka gauraya tokar cikin robar waɗansu fayafayai kaɗan kamar yadda ya yi wasiyya. An sayar da wasunsu don tallafa wa gidan tarihin wasan da ke ɗauke da sunansa a Jihar Jojiya.

Hawa Da Sauka

Annobar korona ta 2020 ta rufe gidajen wasanni, sai jama'a suka fantsama zuwa wasannin fili, ciki har da wannan. Lambar rajistar membobin PDGA, wadda ta ɗauki shekara arba'in da ɗaya kafin ta kai 100,000 a 2017, ta ninka cikin abin da bai kai shekara biyar ba. Masana'antu suka kasa biyan buƙata. Ana cikin haka sai matsanancin sanyin da ya auka wa Jihar Teksas a watan Fabrairu na 2021 ya tsayar da masana'antun sinadaran man fetur, ƙwayar roba ta yi wuya ta kuma yi tsada. Nan fa 'yan kayi-nayi suka shigo, suna kwashe sababbin fayafayai cikin 'yan mintoci da fitowarsu a intanet, su juya su sayar da ninkin kuɗi.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Kamfanoni suka sayo ƙarin injuna, sababbin kamfanoni suka ɓullo, kuma da annoba ta lafa sai cinikin ya ja baya. Zuwa shekarar 2023 kantuna sun cika da kaya har ana karya farashi, kuma da yawa daga waɗanda suka tara fayafayai da niyyar cin riba suka tarar da hajarsu ba ta kai abin da suka zuba ba. Waɗanda darajarsu ta fi tsayawa su ne tsofaffin zubin da ba za a iya sake yin su ba. Wanda kuwa aka kira ƙayyadadde alhali an buga dubbai, kuma za a buga ɗan'uwansa baɗi, bai daɗe ba ya komo kusa da farashin kanti.

Akwai wani abin lura a ƙarshe. Masu tarawa suna auna faifai ne da rashin taɓuwarsa: kwarzane ɗaya, ko sunan mai shi da aka rubuta da tawada a bayansa kamar yadda 'yan wasa suka saba yi don gudun ɓata, ya isa ya zubar da kashi mai yawa na kuɗinsa. Ke nan faifan da ya fi kowanne tsada shi ne wanda ba a taɓa jefawa ba, yana rataye a bango cikin leda. A gefe guda kuma kamfanonin suna sayar da fayafayan da tambarinsu ya karkace ko launinsu ya ɓaci a kan farashi mai rahusa, kuma waɗannan suna tashi a iska daidai da sauran, dokar PDGA kuma ba ta hana shiga gasa da su ba. Ɗalibin ilmin tattalin arziki da ke neman misalin bambanci tsakanin amfanin kaya da farashinsa zai same shi a nan: ƙarin dala biyar zuwa goma da mai saye yake biya don roba mai daraja yana sayen ƙarko ne na shekaru, abin da ya haura wannan kuwa kuɗin suna ne da na ƙaranci, kuma kasuwa tana iya janye shi a duk lokacin da injuna suka ƙara zubi.