Masara da Hatsin Rai: Yadda Dokar Amurka Ta Raba Wuski Gida Biyu

Duk wanda ya nazarci tarihin Amurka, ko ya bi jayayyar mutanenta a kan haraji da ciniki, ba zai rasa cin karo da sunaye biyu ba, wato burbon da rai, waɗanda dukansu nau'o'i ne na barasar da Turawa ke kira wuski. Hukuncin shan wannan abu a wurin Musulmi bayyananne ne, haramun ne da nassi da ijma'in malamai, kaɗan ɗinsa da mai yawansa. Amma fa sanin yadda wata al'umma ta sarrafa amfanin gonarta, da yadda hukumarta ta gindaya wa abin sharuɗɗa har ta taɓa fitar da runduna saboda shi, ilmi ne na tarihi wanda ya cancanci a yi masa bayani a tsanake.

Asalin bambancin daga gona yake. Turawan da suka sauka a Fensilbaniya da Merilan a ƙarni na 18, galibinsu daga Jamus da Sikotilan da Ailan, sun tarar ƙasar tana karɓar hatsin rai, wani ɗan'uwan alkama da sha'ir mai jure sanyi da ƙarancin taki. Su kuwa waɗanda suka ƙetare duwatsun Apalashiya suka zauna a Kentaki, masara suka samu tana yi musu albarka fiye da abin da za su iya ci. Da yake kai buhunan hatsi kasuwa ta kan waɗannan duwatsu a bayan doki aiki ne mai cinye riba, sai kowane ɓangare ya riƙa jiƙa rarar hatsinsa da tsiron sha'ir, a bar shi ya tsimu, sa'an nan a dafa a tukunyar tagulla a tare tururin ya koma ruwa, har abin ya zama tamkar kuɗi a ƙauyukan da tsaba ta yi wuya. Wannan ne sababin da ya sa, lokacin da sakataren baitulmalin Amurka Alekzanda Hamilton ya sa aka ɗora wa barasa haraji a 1791 don biyan bashin yaƙin neman 'yanci, manoman yammacin Fensilbaniya suka yi tawaye, har Shugaba Joj Washinton ya tara mayaƙa wajen 13,000 a 1794 ya kwantar da tarzomar. Shi kansa Washinton, bayan ya sauka daga mulki, ya kafa matata a gonarsa ta Mawun Banon, wadda a 1799 ta fitar da kusan galan 11,000, mafi yawan hatsinta kuwa rai ne.

A yau doka ce ke yanke ta'arifin kowanne, kuma ta yi shi da irin tsanakin da fuƙaha'u ke yi wa haddin mas'ala. Ba a kiran wuski burbon sai an yi shi a Amurka, masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsinsa, ƙarfinsa bai wuce kashi 80 ba yayin tacewa, bai wuce kashi 62.5 ba yayin zuba shi a ganga, bai kuma gaza kashi 40 ba a cikin kwalba. Wuskin rai ma waɗannan sharuɗɗa ne a kansa, illa dai hatsin rai ne zai ɗauki kashi 51 ɗin. Kentaki ba sharaɗi ba ce, ko da yake a can ake yin wajen kashi 95 na burbon, kuma sunan ma daga gidan sarautar Faransa ya samo asali, wanda aka sa wa wata gunduma a 1785 don godiya ga taimakon Faransawa a yaƙi.

Sharaɗin da ya fi kowanne tasiri shi ne ganga, domin wajibi ne ta kasance sabuwa, ta itacen ok, wadda aka babbake cikinta. Maƙerin ganga yakan sakar mata harshen wuta na ƙasa da minti guda, har cikinta ya yi baƙi ya tsattsage, abin da masu sana'ar ke kwatantawa da fatar kada, sa'an nan a kashe wutar da ruwa. Barasa takan shiga gangar fara fat, amma zafin bazara ya tura ta cikin itacen, sanyin hunturu ya janyo ta waje, shekara bayan shekara, har ta kwaso jan launi da ƙamshin banila da na ƙonannen sukari daga jikin katakon, wani kaso kuma ya bi iska. Da yake ba a maimaita ganga, sai a sayar wa mutanen Sikotilan tsofaffin su zuba nasu.

Tun da ganga iri ɗaya ce, hatsi ne ke rarrabe ɗanɗano: masara tana ba burbon zaƙi da kauri, rai kuwa yana ba nasa yaji irin na masoro da bushewa a maƙogwaro. A kan wannan ne masu haɗa abin sha suke gina zaɓinsu. Haɗin Manhattan, wanda ya bayyana a Niyok a ƙarshen ƙarni na 19, mudu biyu ne na wuski da mudu guda na wata giyar inabi mai zaƙi da ɗigon ruwan ɗaci, saboda haka suka fifita masa rai don kada zaƙi ya hau kan zaƙi. Haka ma Sazerac, wanda majalisar Luwiziyana ta ayyana shi abin shan birnin Niyu Olins a 2008. Mint Julep kuwa, na sukari da na'ana'a da niƙaƙƙiyar ƙanƙara, wanda ake sha a sukuwar dawakin Kentaki, burbon ne jigonsa, haɗin Old Fashioned kuma yana karɓar kowanne.

Daga Janairun 1920 zuwa Disambar 1933 tsarin mulkin Amurka ya haramta yin barasa da sayar da ita, kuma a ganina wannan zamani ya fi komai cancantar tunani a cikin labarin, domin an saukar da hani a kan zukatan da ba a shirya ba, saɓanin tadrijin da haramcin giya ya bi a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sakamakon kuwa shi ne fasa-ƙwauri, da ƙungiyoyin masu aikata manyan laifuka, da mutuwar jama'a daga gurɓatacciyar barasa. Kamfanoni 6 kaɗai aka bar wa izinin sayar da wuski da sunan magani. Da aka janye hanin, matatun Kentaki suka farfaɗo, har majalisar ƙasa ta ayyana burbon haja ta musamman ta Amurka a 1964, alhali matatun Fensilbaniya da Merilan sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, mutane kuma suka saba da wuskin Kanada, wanda dokar can ta yarda a kira shi rai ko da babu ƙwayar hatsin a cikinsa. Sai a farkon wannan ƙarni, da masu haɗa abin sha suka koma ga tsofaffin littattafan sana'arsu, ciniki ya dawo wa rai, kuma akasarin wanda ake yi yanzu daga Kentaki da Indiyana yake fitowa.