Mizanin Da Ya Dace A Auna Rubutun Yaro Da Shi

Duk wanda ya taɓa shiga aji ɗaya ko aji biyu na firamare ranar da ake duba littattafan shifta, ya ga yadda malami kan bi layi-layi da jan biro, yana soke wannan, yana zagaye wancan, har ya kai ƙarshen shafi ya dangwala sifiri, lalle zai gane cewa muna yanke wa ƙananan yara hukunci tun ba mu saurari hujjarsu ba. Alhali kuwa hujjar tana nan cikin kuskuren da aka soke, in da za a natsu a karanta shi.

Ɗauki misalin yarinya 'yar shekara shida wadda aka yi wa shiftar "makaranta", ta rubuta "mkrnt". Wannan ba jahila ba ce, domin kunnenta ya kama baƙaƙen kalmar guda biyar, hannunta kuma ya jera su bisa tartibi. Wasula kaɗai suka rage mata, kuma malamanmu na allo, waɗanda tun zamanin kakanni suke fara wa almajiri da babbaƙu kafin farfaru, ba za su yi mamakin wannan mataki ba. Wanda ya rubuta "bari" yana nufin "ɓari", ƙugiya ce bai riga ya ba ta haƙƙinta ba. Wanda ya haɗe "ya tafi" ya zama "yatafi", ya yi tuntuɓe ne inda manya masu takardun shaida ke yi kullum. Wanda kuwa ya fara daga dama ya nufi hagu, sau da yawa ladabin allo ne ya biyo shi aji, sai a nuna masa cewa kowane rubutu da alƙiblarsa. Ga yara huɗu, ga larura huɗu, amma jan biro ya ba su magani ɗaya.

Masana sun daɗe da tabbatar da wannan. A shekarar 1971 wani malami a Amurka, Charles Read, ya yi nazarin rubutun da yara kan ƙago tun ba a koya musu ƙa'ida ba, ya nuna cewa kurakuransu suna bin tsari, gwargwadon yadda suke jin sautin magana. Ita kuma Marie Clay ta ƙasar New Zealand ta tsara gwajin da ake ba yaro minti 10 ya rubuta duk kalmomin da ya sani, sa'an nan a yi masa shiftar jimla, a ba shi maki bisa kowane sautin da ya kama, ko da kalmar ba ta cika ba.

Bisa ga haka, malamin da ke neman adalci zai duba abu huɗu daban-daban: riƙon fensir da siffar harafi, dacewar harafi da sautinsa, raba kalmomi, da kuma ma'ana, watau ko yaron na iya zana akuyar gidansu ya rubuta jimla ɗaya a kanta daga tunaninsa, ba kwafe daga allon aji ba. Ya ajiye takardar farkon zango ya gwada ta da ta ƙarshe, domin a auna yaro da jiyansa, ba da ɗan wani ba. In ajin ya cika maƙil, ya ɗauki yara goma kowane mako, har ya zagaye su.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Da aka gwada 'yan aji uku a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011, an tarar da yawancinsu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, karatu da rubutu kuwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya fara sanin inda ya karkata. Saboda haka muna roƙon malamai da iyaye, kafin hannu ya kai ga jan biro, a kira yaron a ce, "Karanta mini abin da ka rubuta."