Lissafin da ke tace hoton ƙwayar cuta

A 1822, Bafaranshe Joseph Fourier ya nuna cewa ana iya warware siffa mai sarƙaƙiya zuwa layuka masu hawa da sauka kamar igiyar ruwa. Da wannan lissafi kwamfuta ke tankaɗe hoton na'urar hangen ƙananan halittu, ta zubar da dishi-dishi, siffa ta fito. Ta irin wannan hanya aka ga ƙayar ƙwayar korona a Fabrairun 2020.

Sai dai rariyar tana iya ruɗi. A 2013, Richard Henderson, wanda ya ci kyautar Nobel a 2017, ya yi gargaɗi: in aka bai wa kwamfuta hoton Einstein a matsayin samfuri, za ta fito da fuskarsa daga dishi-dishi zalla. Shi ya sa ake neman masana su saki hotunan asali, kowa ya tantance.