Mahaɗi Tsakanin Shafuka a Excel: Kada Misali Ya Ɓace wa Kalmarsa

Ɗalibin da ke tattara kalmomin Damagaranci ko Adaranci yakan raba aikinsa cikin shafuka: ɗaya na kalmomi, wani na jimlolin misali, wani na jam'i. Idan layuka suka kai dubu, neman misalin kowace kalma da hannu yana cin lokaci. Maganinsa shi ne mahaɗi, wato gurbin da ake latsawa ya kai mutum wani shafi.

A Excel na Faransanci, sunan wannan umarni LIEN_HYPERTEXTE, a na Ingilishi kuwa HYPERLINK. Ga siffarsa mafi sauƙi:

=LIEN_HYPERTEXTE("#Misalai!B5";"duba")

Alamar # tana nuna cewa wurin da za a je yana cikin wannan kundi. Misalai sunan shafi ne, B5 kuma gurbi. Kalmar ƙarshe ita ce za ta bayyana ga mai karatu. Na Faransanci yana raba sassa da waƙafi mai ruwa, na Ingilishi yawanci da waƙafi.

Sai dai adireshin da ke tsakanin alamun zance rubutu ne kawai, ba ya bin sauyi. Da zarar an sake jera misalai bisa abacada, B5 zai ɗauki wata jimla daban, mahaɗin kuma ya kai mutum can ba tare da gargaɗi ba. Ta haka kuskuren misali ke shiga kundin digiri. Don haka a bar EQUIV ya nemo layin da kansa:

=LIEN_HYPERTEXTE("#Misalai!B"&EQUIV(A2;Misalai!A:A;0);"duba")

Akwai abubuwa biyu da suka shafi Hausa kai tsaye. Na farko, EQUIV yana tsayawa a kan abin da ya fara tararwa. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama ɗaya ne a wurinsa. A ba kowace kalma lambarta a jerin A na shafukan biyu, a yi nema da lambar.

Na biyu, sunan shafi mai tazara ko hamza sai an kewaye shi da ɗauri guda-guda, a kuma ninka hamzar: shafin Jam'i ya zama "#'Jam''i'!A1". Wanda ya raɗa wa shafukansa gajerun sunaye marasa hamza tun farko, bai kuma sauya su daga baya ba, ya huta da wannan gyara.