Bayani A Kan Man Giyar Tsohuwar Mota Otomatik

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, ku sani motocin da muka taso da su, irin Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kakuri a 1975, galibinsu giyar hannu ne. In batir ya mutu sai yara su tura, a saki kuloci, ta tashi. Yanzu kuwa abin da ya cika Rigasa, tun daga tashar jirgin ƙasa har cikin gari, 'yan Kwatano ne, Camry da Sienna da Honda, masu sauya giya da kansu. Waɗannan ba a tayar da su da turi, kuma ransu yana cikin man giyarsu.

Man nan ba shafawa kaɗai yake yi ba. Shi yake ɗauko ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi yake matse faifan kuloci na ciki, shi kuma yake kwashe zafi ya kai lagireto. Sabonsa ja ne garau. In ka ga ya koma ruwan ƙasa, ya tsufa. In ya yi baƙi yana warin ƙauri, to, faifan ciki sun fara ci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wata kaka na ɗauko masara buhu bakwai daga Saminaka a Camry. Kafin in iso Kaduna mota ta fara gurnani, inji na ihu amma ba ta ja. Na tsaya wurin wani bakanike a bakin hanya, ya ce mai ne ya yi ƙasa, ya ɗauko man giyar hannu mai kauri ya ɗura. Ban san komai ba, na biya, har na gode masa. Ba a yi wata guda ba ribas ya ƙi shiga. Sai da aka sauke giyabos aka nemo wani a Fanteka, kuɗinsa ya haɗiye ribar masarar har ya taɓa uwa. Amma ni ma da laifina. A jikin ƙofar direba akwai takarda da ta faɗi nauyin da mota za ta ɗauka, na Camry wajen kilo 400 ne har da mutanen ciki. Buhu huɗu ke nan in babu direba. Ni kuwa na loda bakwai a ranar zafi.

Yadda ake duba shi a gida ba wuya. Ka zaga da mota ta yi ɗumi, ka tsaya a wuri mai daidai, ka taka birki, ka bi da hannun giya kowane harafi, ka mayar P. In Toyota ce, a bar inji yana silo, a zaro geji, a goge da farin ƙyalle, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamun da aka rubuta HOT. Tsohuwar Honda kuwa sai an kashe inji a duba nan take, cikin minti ɗaya. A nan da yawa suke kuskure, su ƙara mai fiye da ƙima, ya riƙa kumfa. In ka ga man ya zama kamar an dama shi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga, kada ka ƙara tafiya ko nan da can.

Wajen sauyawa, lalle ka san irin da motarka take sha. Tsofaffin Toyota akwai masu Dexron, akwai masu T-IV, na baya kuma WS. Sau da yawa sunan na rubuce a kan gejin. Honda nata daban, dā Z1, yanzu DW-1 ya maye gurbinsa. Mai giyar CVT ita ma nata daban ne. Mai shago zai ce maka duk ja ne, duk ɗaya. Gero da maiwa ma sun yi kama a buhu.

In aka kwance notin ƙasa, abin da yake zubowa lita uku ne zuwa huɗu, bai kai rabin abin da ke ciki ba, sauran yana maƙale a kwambata. Ka tara shi a galan ka auna, abin da ya fita shi za a mayar, sannan a tabbatar da geji. Mu masu awo mun fi kowa sanin wannan. A Toyota ana sauke farantin ƙasa a wanke, a sauya matata da gasket. A duba maganaɗisun da ke ciki: laka mai laushi ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe labari ne marar daɗi. Tsohuwar Honda ba ta da faranti, maganaɗisunta yana jikin notin.

Motar da ta daɗe ba a taɓa manta ba, ni ban yarda a sa mata na'ura a wanke cikin gaba ɗaya ba, don dattin da ya kwanta yakan tashi ya toshe ƙananan hanyoyi. Gara a zubar a ƙara, a yi tafiyar mako biyu, a sake. Ni yanzu ina sauya nawa duk kilomita 40,000, saboda kaya da ƙura. Ina sayen man da kaina, a fasa murfin a gabana, ba na barin gareji sai an rufe bonet.

Ku kuma dillalan mota, kafin ku sa baki a ciniki ku zo da sassafe inji da sanyi. Ku sa D, ku sa R. In ta yi jinkiri, ko ta shiga da duka kamar an buge ta, ku faɗa wa mai saye, a rage kuɗin giyabos a farashi.